Yadda Ciwon Suga Ke Cin Ƙoda A Ɓoye

A ƙauyukan Rogo da Ƙaraye, mutane da yawa ba a asibiti suka fara sanin suna da ciwon suga ba. Kiyashi ne ya gaya musu. Mutum zai tsuguna a gefen gona, in an jima a ga kiyashi ya yi dafifi a wurin, sai wani babba ya ja shi gefe ya ce, "Malam, je ka a auna ka." Kafin nan ga ƙishirwar da ba ta yankewa, ga tashi fitsari cikin dare ba adadi, ga rama alhali ana cin abinci. Alamar kiyashin gaskiya ce, sai dai akwai wani labari a cikinta da ba a cika lura da shi ba. Ƙoda mai lafiya ba ta barin suga ya bi fitsari. Duk wanda ya biyo ta wurinta, mayar da shi take yi cikin jini. Sai ya yi yawan da ya fi ƙarfinta, ya haura wajen 180 a na'urar awo, ko 10 a irin na'urar da ke ƙirga da ƙananan lambobi, sannan yake zuba. Ranar da kiyashi ya taru, ƙodar mai wannan fitsari ta riga ta daɗe tana aikin da ya fi ƙarfinta.

Idan zancen illar suga ya taso a majalisa, ƙafa ake fara ambata, domin kowa ya san wani da ƙaya ko bakin fartanya ya ji wa ciwo, gyambon ya ƙi warkewa har aka kai ga yanka. Daga ƙafa sai ido. Ƙoda ba ta cika shigowa zancen ba, alhali a duniya ciwon suga ne kan gaba wajen kashe ƙoda, kuma kusan ɗaya cikin uku na manya masu ciwon yana ɗauke da wani mataki na ciwon ƙoda, ya sani ko bai sani ba. A 2018 Dokta Andrew Uloko, ƙwararren likitan ciwon suga a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shi da abokan aikinsa, sun tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan. Sun samu kusan kashi 6 cikin 100 na 'yan Najeriya suna da ciwon, Arewa maso Yamma kuma tana da kashi 3 cikin 100, mafi ƙanƙanta a shiyyoyi shida. Kada wannan ya sa mu saki jiki. Kashi 3 cikin 100 a garin da ke da manya 5,000 mutum 150 ke nan, kuma Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ce a ƙididdigarta ta 2021 fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba a taɓa auna su an gano ba.

Ƙoda biyu Allah Ya yi wa ɗan Adam, suna can ta baya, ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe, kowace tsawonta wajen santimita 11. A cikin kowace ɗaya akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Kowane mataci dunƙulen siraran jijiyoyin jini ne, da ɗan bututu manne da shi. Jini na shiga dunƙulen da ƙarfi, ruwa da gishiri da datti su tsattsafo ta bangon jijiyoyin su faɗa bututun, shi kuma ya tsotse abin da jiki ke buƙata ya mayar, ya bar saura ya gangara mafitsara. A yini guda ƙodojin biyu na tace ruwa kusan lita 180, amma abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ban da tacewa, ƙoda ce ke daidaita gishirin jiki da hawa da saukar jini, ita ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jan jini, kuma tana da hannu a ƙarfin ƙashi.

Bangon matacin nan ku ɗauke shi kamar rariyar tankaɗe: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Abin da ya kamata ya tsaya a nan shi ne ƙwayoyin jini da furotin, musamman wani mai suna albumin, wanda aikinsa riƙe ruwa a cikin jijiyoyi kada ya malala cikin tsoka. Muddin rariyar na da lafiya, albumin ba ya isa fitsari sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ɓarnar suga tana farawa ne da abin da ya yi kama da ƙarin lafiya. Idan suga ya yi yawa a jini, ya yi yawa ke nan a ruwan da ke faɗawa bututu. Bututun ya duƙufa tsotse shi, kuma yadda aka halicce shi, duk sugan da ya tsotsa tare da gishiri yake ɗauka. Can gaba kaɗan akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu auna gishirin ruwan da ya iso gare su. Da sun ji ya yi ƙaranci, sai su ɗauka tacewa ce ta yi rauni, su sa a ƙara buɗe jijiyar da ke shigo da jini. Jini ya ƙaru, mafita kuwa ba ta ƙara faɗi ba, sai matsi ya hau a cikin dunƙulen. A wannan lokaci ƙodar kan ƙara girma, tana tace fiye da ƙima, in an yi gwajin jini ma sai a ga sakamako mai kyau. Mutum na nomansa, yana cin kasuwarsa, ko ciwon kai ba ya yi, alhali matatai miliyan biyu na aiki cikin matsi dare da rana.

Ana cikin haka suga na wata ɓarnar daban. Yana mannewa a jikin furotin ɗin da aka gina bangon jijiyoyin da shi, ya sauya masa kama. Bangon ya yi kauri ya yi tauri, amma kaurin bai ƙara masa riƙo ba, yoyo ma ya fara. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu rassa da ke rungume da jijiyoyin ta waje, su ne shinge na ƙarshe. Matsi da suga kan ɓanɓare su su bi fitsari, kuma wanda ya tafi da wuya a samu madadinsa. Idanun rariya sun buɗe ke nan. Albumin ya fara zurarewa, da farko kaɗan ƙwarai, fitsari bai canza launi ba, bai yi kumfa ba. A farkon shekarun 1980 likitoci a Ingila da Denmak, cikinsu har da Carl Erik Mogensen, suka nuna cewa wannan ɗan yoyon da ido ba ya gani shi ke nuna wanda ƙodarsa ke kan hanyar lalacewa nan da wasu shekaru. A ganina, duk mai suga da duk mai jinyar mai suga, wannan matakin ya fi kamata ya riƙe a ransa, domin a nan ne ake iya tsayar da ɓarnar, wani lokaci ma yoyon ya toshe gaba ɗaya.

In an bar shi, sai tabo. Wani abu mai danƙo ya riƙa taruwa tsakanin jijiyoyin dunƙulen yana matse su har su toshe. Tun a 1936 wasu likitoci biyu da ke aiki a Amurka, Paul Kimmelstiel da Clifford Wilson, suka ga waɗannan ƙulle-ƙullen a ƙodar masu suga da suka rasu da kumburi da hawan jini, har yau kuma da sunansu ake kiran tabon. Albumin ɗin da ke zuba shi ma ba haka kawai yake wucewa ba, yana raunata bututun da yake bi. Matacin da ya mutu ya tafi ke nan, jiki ba ya yin sabo bayan haihuwa. Aikinsa ya koma kan waɗanda suka rage, matsinsu ya ƙaru, su ma su bi sahu.

Hawan jini kuwa tare suke tafiya. Ƙodar da ta fara rauni tana riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Jinin da ya hau ya dawo ya ƙara matse matatan da suka rage. Kowane na ƙara wa ɗayan ƙarfi, shi ya sa mai suga da ya haɗa da hawan jini ƙodarsa ta fi saurin gajiya, ko da yana kiyaye sugansa. Wanda ke shan taba ya ƙara wa kansa na uku.

Duk wannan tafiya, daga matsi na farko zuwa mutuwar ƙoda, kan ɗauki shekara goma zuwa ashirin, wani lokaci fiye. Amma a kula da inda ake fara ƙirga. Irin sugan da ke kama yara da matasa, wanda dole sai da allurar insulin, yana bayyana da sauri, don haka an san ranar farawarsa, kuma likitoci kan fara duba ƙoda bayan shekara biyar. Irin wanda ya fi yawa a cikinmu, na manya, yakan yi shekaru a jiki kafin a gano shi. Dattijon da aka gaya wa bana yana da suga, mai yiwuwa ƙodarsa ta daɗe da sani. Saboda haka ƙa'idar ita ce a duba ƙodar irin wannan mutum tun ranar da aka gano ciwon, ba sai an jira ba.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a wajenmu: da mutum ya ji ƙugu ko baya na ciwo sai ya ce ƙoda ce, in kuwa baya lafiya lau to ƙoda ma lafiya lau. Ciwon bayan manomi mafi yawansa na tsoka ne da ƙashi, na sunkuyo da ɗaukar kaya. Ƙodar da suga ke ci ba ta ciwo. Mutum na iya rasa rabin ƙarfin ƙodarsa bai ji komai ba. Alamomin da jama'a suka sani a makare suke zuwa. Fitsari ya riƙa kumfar da ba ta kwanciya, domin furotin ya yi yawa a ciki. Ƙafa ta kumbura har takalmi ya matse, in an danna da yatsa wurin ya lotsa, fuska ta tashi da safe, musamman ƙasan ido. Jan jini ya yi ƙaranci tunda saƙon ƙoda ya daina isa ɓargo, mutum ya ɗashe, ɗan tafiya kaɗan ya riƙa haki. Daga baya, in datti ya taru a jini, abinci ya fita kai, ga tashin zuciya da amai, ga ƙaiƙayin jiki, ga shaƙuwa, ga ruɗewa. A nan ne gida ke rabuwa biyu, wasu su ce shawara ce, wasu su ce jifa ne, a yi ta zagaye ana ɓata makonnin da ake matuƙar buƙata. Kuma yana da kyau a sani, siraran jijiyoyin ido da na ƙoda iri ɗaya suga ke yi musu. Mai sugan da ganinsa ya fara dishi-dishi, a duba ƙodarsa a wannan makon.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan ciwo shi ne wani tarko da ke zuwa kusa da ƙarshe. Mutum ya shekara goma sha yana fama da suga, kullum lambar na sama, sai kwatsam ta fara sauka da kanta. Wani lokaci har ya yi jiri da gumi sai an ba shi abu mai zaƙi. Gida ya cika da murna. "Baba ya warke, Alhamdu lillahi, maganin nan ya karɓe shi." A daina zuwa asibiti, a yi wa mai maganin da aka sha na ƙarshe godiya. Ga abin da ya faru a zahiri: ƙoda na cikin masu fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga, daga jini, ita ce kuma ke fitar da wasu magungunan suga. Da ta yi rauni, sai insulin da magani su daɗe a jiki suna aiki, ga kuma ci ya ragu. Saukar sugan ba waraka ba ce, alamar ƙoda ta gaza ce. Tsohon maganin nan mai araha, gilibenkilamaid, ya fi kowane hatsari a wannan hali, domin yana iya saukar da suga har mutum ya suma ya kwana bai farfaɗo ba. Duk wanda tsohonsa ya daɗe da suga, ya ga lambar ta faɗi ba tare da an sauya abinci ko magani ba, ya kai shi a gwada ƙodarsa kafin a fara barka.

Akwai kuma abubuwan da ke ƙara wa ɓarnar sauri, kuma da yawansu a cikin rayuwarmu ta yau da kullum suke. Wanda ya san Jajaye, Zarewa, Fulatan, Gwangwan, ko ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Challawa, ya san da ƙarfin jiki ake neman abinci: noman damina, noman rani, saran rake, dakon buhu ranar kasuwa. Da yamma jiki ya yi tsami, a biya kyamis ko wurin mai tallar magani a ce, "Ba ni na gajiya." Sai a ƙulla ƙwayoyi uku ko huɗu a leda, babu suna babu kwali. A cikin irin wannan haɗi galibi akwai diklofenak, ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci biyu daga cikinsu a tare. Waɗannan magunguna suna tsuke jijiyar da ke kai wa mataci jini. Ga mai lafiya da ya sha sau ɗaya, ƙoda kan jure. Ga mai suga da ya wuni a rana yana zufa bai sha isasshen ruwa ba, kuma kullum sai ya sha, ƙodar na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki, in ta farfaɗo ma ba lallai ta koma yadda take ba. Wasu haɗin ma har da irin su deksametazon a ciki, wanda ke hawar da suga kai tsaye. Mai suga in ciwon jiki ya dame shi, farasitamol bisa ƙa'ida ya fi masa sauƙi, in bai yi ba ya nemi ma'aikacin lafiya. Masu kyamis kuma, don Allah, tambaya ɗaya kafin ƙulla leda: "Kana da suga ko hawan jini?"

Sai jiƙe-jiƙe. Mun taso da tunanin ɗaci ne ke kashe zaƙi, don haka a jiƙa maɗaci, a dafa dogon yaro, a sayo galan-galan na ruwan sassaƙe da ba a san me ke ciki ba. Ba ina raina ilimin itatuwa da iyayenmu suka bari ba ne. Amma da yawa daga abin da aka sha, ƙoda ce za ta fitar da shi, kuma jiƙon yau da na gobe ƙarfinsu ba ɗaya ba. Ƙodar da ta rage rabi ba ta da ƙarfin da za a yi gwaji da ita. Mafi muni shi ne yadda ake ajiye maganin asibiti saboda jiƙon, a yi wata shida ba awo.

Gishiri ma yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙule, yaji, taliyar leda da kanwa. Tukunyar da aka zuba wa gishiri, aka marmasa dunƙule huɗu, aka jefa kanwa, ta wuce ƙa'ida tun kafin a sauke. Uwargida ce ke riƙe da wannan fanni, shi ya sa bai kamata a bar ta a gida ranar da likita ke bayani ba. A ɓangaren zaƙi, mutane kan bar sugan shayi su koma mazarƙwaila ko zuma, suna ganin na gida ne ba ya cutarwa. Jini bai bambanta su ba. Ba kuma a ce a bar tuwo ba, a rage malmala ne, a ƙara miyar ganye, zogale, rama, kuɓewa, a haɗa da wake, a bar lemon kwalba. Wanda ƙodarsa ta riga ta yi nisa, abincinsa da yawan ruwan da zai sha likita ne zai tsara masa, don akwai ganye da 'ya'yan itace masu amfani ga kowa da shi za su cutar.

Ciwon sanyin mafitsara da ke yawan dawo wa mata masu suga, da tsargiya ga masu shiga ruwan madatsa da fadama, da kumburin da ke tare fitsarin dattawa, duk suna iya ƙara wa ƙoda rauni, kuma duk suna da magani.

To, ta yaya za a kama ciwon da ba ya ciwo? Da gwaji biyu, sau ɗaya a shekara. Na farko na fitsari ne, wanda ke auna albumin. Ƙasa da 30 lafiya, daga 30 zuwa 300 yoyo ya fara, sama da 300 ya yi ƙarfi. Ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari a ƙananan asibitoci ba ya ganin ƙaramin yoyo, sai wanda ya yi yawa, amma duk da haka ya fi babu nesa ba kusa ba. Wanda ya samu hali ya nemi cikakken gwajin a babban asibiti. Zazzaɓi, aikin ƙarfi, jinin al'ada ko ciwon sanyi na iya ɗaga lambar na ɗan lokaci, shi ya sa ake maimaitawa. Na biyu na jini ne, ana auna wani datti mai suna kiriyatinin, a lissafa ƙarfin tacewar ƙoda, a takardar za a ga an rubuta eGFR. Daga 90 zuwa sama daidai ne. In ya tsaya ƙasa da 60 har wata uku, ciwon ƙoda ya tabbata. Ƙasa da 30 ya yi tsanani, ƙasa da 15 kuwa ƙodar ta gaza. Ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba, domin wani yoyonsa ke fara bayyana, wani kuma ƙarfin tacewarsa ke sauka ba tare da yoyo ba.

A asibitocinmu layi na da tsawo, ma'aikata kaɗan ne, sau da yawa a soki yatsa a rubuta magani a kira na gaba. Kada mutum ya ji nauyi. Ya ce, "Likita, bana ba a duba mini fitsari da ƙoda ba." Haƙƙinsa ne, kuma babu ma'aikacin kirki da zai ji haushin wannan tambaya.

Idan an gano da wuri, akwai abin yi, kuma an gwada an gani. Manyan bincike biyu, ɗaya a Amurka da Kanada da aka fitar a 1993, ɗaya a Birtaniya a 1998, sun tabbatar da cewa riƙe suga kusa da daidai na rage lalacewar ƙoda da ido. Akwai gwajin da ake rubutawa HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku, ga mafi yawan mutane ana so ya tsaya wajen 7. Hawan jini ana so ya sauka ƙasa da 130 bisa 80. Magunguna irin su lisinofiril da losatan suna da wata fa'ida ta musamman: suna sassauta jijiyar da ke fitar da jini daga mataci, matsin nan da muka yi bayani ya ragu, yoyo ya ja baya. Don haka likita kan rubuta su ga mai yoyon albumin, a kuma sake gwajin jini bayan an fara. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan su. Wanda amai da gudawa suka kama yana kan su, ya tuntuɓi asibiti, don akan dakatar da su har ya warware. Daga 2019 zuwa 2022 kuma an tabbatar da amfanin wani sabon rukuni, irin su dafagiliflozin da emfagiliflozin. Su bututun nan suke hanawa tsotse suga da gishiri, ƙwayoyin da ke awo su ji gishiri ya dawo daidai, su rage buɗin ƙofar shiga. Wato tushen ɓarnar suke tarewa. Suna da tsada har yanzu ga talaka, amma suna kasuwa, kuma ya halatta mutum ya tambayi likitansa ko sun dace da shi.

Akwai maganar da ke yawo cewa maganin suga ne ke kashe ƙoda, musamman metfomin. Ba haka ba ne. Metfomin ba ya cin ƙoda. Ta ƙoda yake fita, shi ya sa in ta yi rauni ake rage shi, in lambar ta sauka ƙasa da 30 a tsayar da shi. Mutane sun ga an cire wa mai ciwon ƙoda shi, sai suka ɗauka shi ne ya jawo. Waɗanda suka yar da maganinsu saboda wannan jita-jita sun bar wa sugan fili ne.

Game da azumi, masu suga da yawa na iya yi lafiya in an gyara musu lokacin shan magani. Amma wanda ƙodarsa ta yi nisa, wunin zafi ba ruwa na iya ƙarasa abin da ya rage. Ya ga likita tun cikin Sha'aban, ya kuma tambayi malaminsa hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma karɓar rangwamen ba ragwanta ba ce.

Idan duk an wuce waɗannan matakai, abin da ya rage wankin ƙoda ne ko dashe. Ana haɗa mutum da na'ura wajen sa'a huɗu, ta yi aikin da ƙoda ta gaza, kuma a ƙa'ida sau uku a mako, har iya rayuwa. Ga ɗan Jajaye ko Ƙaraye wannan na nufin Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko na Nasarawa, ko kuma Shika a Zariya, da kuɗin mota na mutum biyu, da wurin kwana, da allurar ƙarin jini. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. A lissafa: a tsohon farashin, wanki uku a mako naira 600,000 ne a wata, a sabon kuma 144,000. Buhu nawa na masara ke nan? Likitocin ƙoda a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa cewa mafi yawan waɗanda suka fara wanki ba sa iya ci gaba bayan 'yan watanni. A sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, sannan a dawo gida. Dashe kuwa, Asibitin Malam Aminu Kano na yin sa tun 2002, abin alfahari ne ga Kano, amma yana buƙatar ɗan uwan da zai ba da ƙoda ɗaya, da miliyoyin naira, da maganin da za a sha kullum don kada jiki ya ƙi baƙuwar.

Wannan ne ya sa nake ganin aikin ceton ƙoda a yankinmu ba a ɗakin wanki na Kano yake ba, yana asibitocin sha-ka-tafi na mazaɓu ne. Tun 2024 masarautar Ƙaraye ƙananan hukumomi biyun nan ta ƙunsa, Ƙaraye da Rogo, don haka shugabanninsu da hakimai da dagatai da limaman Juma'a suna iya zama wuri ɗaya su tsayar da magana. Kuɗin wankin mutum ɗaya na wata guda ya isa ya saya wa asibitin mazaɓa na'urar awon jini, da ta suga, da kwalayen tsinken fitsari. A ware rana ɗaya a wata ta masu suga da hawan jini, a sanar a masallaci da kasuwa da gidajen suna, don mata su ji. Kowa a ba shi kati da za a riƙa rubuta ranar awo, lambar suga, lambar hawan jini, sakamakon fitsari da ranar dawowa. Wanda aka ga furotin a fitsarinsa sau biyu cikin gwaji uku a tsakanin wata uku zuwa shida, a tura shi babban asibitin Rogo ko na Ƙaraye, in ta kama har Kano, da katinsa a hannu, tun yana iya shiga mota da ƙafarsa.